Yadda Mantura Ta Yaye Inabinta

A ƙauyenmu na Ain Zarur, in ka ce "Mantura" ba sai ka ƙara sunan uba ba. Ita kaɗai ce, kuma wallahi ɗayar ma ta ishe mu. Ni sunana Dib, magini ne; shekara hamsin ina ɗora dutse a kan dutse a wannan tsauni namu na Labanan, kowa Mu'allim Dib yake ce min, har Fada Sarkis na cocinmu, ban da ita. Ita "Dib" take cewa gatsau, wai ta san ni tun ina yawo ba wando. Shekara biyu kacal ta ba ni, amma in ka ji bakinta sai ka rantse ita ta yanke min cibiya.

Gidansu yana jikin namu. Ubanta Jiryis shi ya dasa kuringar inabin da zan ba ku labari, a shekarar da ya yi aure. Reshen ya samo shi ne daga wani tsohon lambun sufaye a bayan tsauni, wanda daga baya titi ya bi ta kansa, shi ya sa duk yankin nan babu irinta. 'Ya'yanta farare ne ƙanana, masu kaurin fata. In ka yi gangancin ci a watan Agusta sai haƙoranka sun mutu, amma bari Idin Gicciye ya wuce a tsakiyar Satumba, sai ka ce zuma aka ɗura musu. Gindinta ya kai kaurin cinyar ƙato. Daga ƙasa ta kama bango ta hau, ta haye soro, ta baje a kan rumfar ƙarfe har ta rufe saman gidan.

A ƙarƙashin rumfar nan Mantura ta tashi, kuma a nan ta tsufa. Ba ta yi aure ba, ba kuma don an rasa masu so ba. Wani ɗan ƙauyenmu ya dawo daga Barazil da agogon zinariya ya ce ta bi shi, ta tambaye shi ko jirgin ruwan yana ɗaukar itace da saiwarsa. Ya yi dariya, ita ba ta yi ba, maganar ta mutu a nan. Da idon Jiryis ya tafi, ita ta karɓi wuƙar askin kuringar daga hannunsa, yana zaune yana shafa rassan da yatsa yana ce mata nan, ba nan ba. Lokacin yaƙi wani harsashin igwa ya faɗo a kusurwar soron ya ƙone kusan rabin rumfar. Mu duk muna cikin ɗakin ƙasa na coci, ita tana sama da zarto tana yanke abin da ya ƙone, tana zagin waɗanda suka harbo har iyayen kakanninsu.

Ɗinki ne abincinta, amma inabin ne sunanta. Duk Fabrairu tana yi wa kuringar aski, idon toho biyu take bari a kowane reshe, in ka ba ta shawarar ta bar uku sai ta ce ka je ka yi wa uwarka. Bayan Idin Gicciye ta tsinke, ta shanya a soro kwana huɗu su ɗan sha rana, ta wanke ƙafa ta shiga kwamin dutse ta tattake, ta zuba a randuna uku a ɗakin da ke ƙarƙashin matakala. Kwana arba'in ba mai buɗe ƙofar ɗakin sai ita. In ya tsimu ta tace, ta ɗura a tuluna, ta liƙe bakinsu da kakin zuma. Da wannan ruwan inabin ake yin Jibin Ubangiji a cocinmu tun kafin a haifi Fada Sarkis. Wata shekara ya sayo na kwalba daga birnin Zahle, tsofaffi suka kurɓa suka dubi juna, aka fito daga coci ba wanda ya gaishe shi.

To, ga inda gizo yake saƙar. Da Jiryis ya rasu, dattawa suka zo raba gida tsakanin Mantura da yayanta Tannus. Suka ƙirga ɗakuna, suka ƙirga itatuwan zaitun, har rijiyar ruwan sama suka raba kwana-kwana, sannan suka ce in ja katanga a tsakiya. Ni na ja ta da hannuna. Gindin kuringar ya faɗa ɓangaren Tannus, daf da ƙofarsa, rumfar kuma ta faɗa soron Mantura. Ba wanda ya ga abin magana a nan, don a wurinmu inabi na mai inuwa ne. Wanda yake zama a ƙarƙashinsa shi ke da shi, ko da saiwar tana gidan maƙiyinsa. Shekara arba'in Tannus yana zuba wa gindin taki yana kore awaki, ita kuma tulun farko na kowace shekara nasa ne. Ba a rubuta ba, ba a taɓa musu ba.

Tannus ya riga mu gidan gaskiya. Shekara biyu bayan haka matarsa Badi'a ta faɗi a ɗakin girki, aka ɗauko ta ɓarin jikinta ya shanye. Gidan nasu kuwa daga titi zuwa ƙofa matakala goma sha huɗu ne na dutse, masu tsayi, ni na san su don ni na sassaƙa su. Tun da aka dawo da ita daga asibiti a kan kujera, maza huɗu suna nishi, ba ta sake taka waje ba. Matar da ba ta taɓa fashin coci ba, wadda ba a biki ba a makoki sai da ita, ta koma kallon duniya ta taga.

Ɗansu Milhim ya zo daga Ostireliya ana sanyin Disamba. Can ya girma tun yana saurayi, mutumin kirki ne, sai dai ya saba da takarda. Ya sayo wa uwarsa keken guragu, ya kira ni, muka auna gaba muka auna baya. Hanya ɗaya ce tak za a iya fitar da gangara mai sauƙi daga ƙofa zuwa titi, kuma ta kan gindin kuringar za ta bi. Na lanƙwasa igiyar awo ta kowace fuska ko zan kauce mata, dutsen ya ƙi.

Tare muka shiga wurin Mantura. Ta dafa mana gahawa, ta zauna ta harɗe hannu.

"Gwaggo," in ji Milhim, "na duba takardar fili, itacen nan a ɓangarenmu yake, amma ban so in taɓa shi ban gaya miki ba."

"Takarda?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗan Tannus, takardar ce ta yi maka inuwa lokacin da kake tsotson yatsa a soron nan? Dib, ji min yaron nan, ya je ƙasar Turawa ya dawo yana karanta min gidan ubana."

"Ba haka nake nufi ba, Gwaggo. Mama ce. Wata shida ba ta ga titi ba."

Nan maganar ta shigi Mantura. Ita da Badi'a shekara hamsin suna faɗa a kan wa ya fi iya girka kibbe, ƙosan namanmu, amma tun da ciwon ya zo kullum safiya Mantura ce ke hawa matakalar nan ta taje mata kai.

Milhim ya ga ta yi laushi, sai ya ƙara da abin da bai kamata ba. "Zan sayo miki dashe guda ashirin, irin na Faransa, masu ba da 'ya'ya da wuri."

"Ka sayo wa kanka, ka sa su a aljihu." Ta ajiye kofi. "Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba ni sanyi biyu, in kwantar mata da 'ya a tsakar gidana, sannan ka sare uwar."

"Shekara biyu, Gwaggo? Mama fa?"

Ta daɗe tana kallon bango, bangon da Badi'a ke kwance a bayansa. "To, ɗaya. Ka bar ni in tsinke na baɗi. Da zarar na rufe randuna, Dib ya kawo simintinsa."

Suka tafa a kan haka, Milhim ya koma bakin aikinsa, ya bar min aikin gangarar a hannu, ya bar wa uwarsa wata mata daga ƙauyen ƙasa da ke kula da ita.

Za ku ce me ya hana ta yanki reshe ta dasa kamar kowa? An gwada, ba sau ɗaya ba. Irin nan taurin kai gare shi kamar mai shi, ba ya yarda ya yi saiwa in an raba shi da uwarsa, ga tsakar gidan Mantura farin dutse ne, daga Mayu zuwa Oktoba ko ɗigon ruwan sama ba ya gani. A shekarar ma ta sa yanka goma a gwangwani, wai don kada a ce ba ta yi ba, kafin Agusta duk sun zama itacen hura wuta. Dabara ɗaya ce: a sauko da reshe mai rai, a binne tsakiyarsa a ƙasa ba tare da an yanke shi ba, ya riƙa shan uwarsa har ya yi tasa saiwar. Iyayenmu sanyi biyu suke ba shi kafin su yaye shi. Ita ɗaya aka ba ta.

A Fabrairu ta zaɓi wani dogon hannu na kuringar da ke bin gefen soro ta ɓangarenta, ta kwance shi daga rumfar. Kwana tara muka yi muna sauko da shi da igiya, kullum taki ɗaya, don in ka gaggauta sai ya tsage. Ni ina ƙasa ina riƙe, ita tana sama, mace mai shekara saba'in da huɗu, tana leƙowa tana min tsawa.

"A hankali, Dib! Ba buhun siminti ba ne!"

"To ki sauko ki riƙe mana, tunda hannuna bai yi miki ba."

"In na sauko wa zai yi tunani a sama?"

Na fasa mata rami da diga, zurfin gwiwa, sai da na fitar da dutse baro shida. Ta hana ni zuba ƙasar wurin, ta sa na kwaso jar ƙasa daga gindin itatuwan ɓaure na bakin rafi, ta cuɗa da tsohon takin awaki da hannunta. Ta kwantar da reshen a ciki, ta ɗan kankare bayansa da wuƙa inda take so saiwa ta fito, ta danne da dutse, ta rufe, ta bar kansa a waje da ido biyu. Da Afrilu ta zo idanun suka buɗe. Duk bazarar nan ruwan wankin shinkafa da na wanke fuska, komai a gindin nan yake ƙarewa, har reshen ya kai min kafaɗa.

Satumba ta zo, ta tsinke na ƙarshe, ta tattake, ta rufe randuna. Washegari ta leƙo ta katanga ta ce, "Dib, na gama. Ka gaya wa ɗan Tannus alkawari ya cika."

A nan ne ni kuma na yi tawa. Zan faɗa ba ɓoye-ɓoye, tunda na riga na faɗa wa Fada Sarkis. Ina tsoro. Na duba siririn reshen nan, na duba gindin da ya yi shekara tamanin, na ce sanyi ɗaya ba zai isa ba, in ya mutu kuma Mantura ba za ta daɗe a bayansa ba. Kuma ni, ko da yake na yi aure na haifi biyar na binne matata, akwai wani lungu a zuciyata da tun ina ɗan shekara ashirin na Mantura ne, ita ma ta sani, ba mu taɓa zancen ba. Sai na ƙulla dabara. A wurinmu in Maris ya shiga, ruwa ya taso a jikin kuringa, ko ƙaya ta soke ta sai ta yi ta zubar da hawaye, kuma babu ɗan Ain Zarur da zai sa mata ƙarfe a wannan lokaci. In na ja aikin har Maris, dole a jira ganye, in an jira ganye a jira 'ya'ya, ga sanyi na biyu ya samu a ɓagas.

Milhim ya bugo waya a Oktoba, na ce ana tsinkar zaitun, babu lebura ko ɗaya. A Nuwamba na ce ruwan sama ya yi yawa, siminti ba zai kama ba. A Disamba na ce bayana ya riƙe. A Janairu ƙanƙara ta rufa min asiri da kanta mako biyu, da ta narke na ce siminti ya yanke a Zahle. Ita kuwa Mantura na ce mata Milhim ne bai gama shawara ba. Ina ta murna da kaina, har ina ganin na fi kowa wayo a tsaunin nan.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata safiya a farkon Fabrairu ina gyara wa maƙwabcinmu tankin ruwa, hannuna dumu-dumu da siminti, sai na ji inuwa a kaina. Mantura ce, da matajin Badi'a har yanzu a hannunta.

"Sannu da aiki, Mu'allim Dib."

Shekara saba'in ba ta taɓa ce min Mu'allim ba.

"Wannan da kake kwaɓawa garin alkama ne?"

"A'a, wannan ai ragowar..."

"Rufe min baki. Yanzu na sauko daga wurin Badi'a. Ka san me ta ce min, da rabin bakin da ya rage mata? Ta ce, 'Mantura, ki roƙi Allah ya kawo wa Dib siminti, ina so in ga Ista a coci ko da sau ɗaya ne.' Addu'a take yi maka, munafuki! Kullum sai an juya mata gado ta fuskanci titi, ko za ta ga motar yashi."

Na ce, "Don ke na yi, Mantura. Reshen nan bai isa yaye ba, ke ma kin sani."

"Don ni? Na aike ka? Ka kulle matar yayana wata huɗu a ɗaki, ka ce don ni? To bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, tunda kanka dutse ne irin wanda kake fasawa. Tun Nuwamba kuringa barci take, uwar da 'yar duka. Wata huɗun nan da ka sata ko gashin saiwa ɗaya bai ƙara mata ba. Badi'a kawai ka cuta."

"Da na kai Maris..."

"Da ka kai Maris da na sare ta tana kuka, kuma da alhakin yana wuyanka. Gobe da safe ka zo da zarto. Ka zo da mai kaifi, ba irin wanda kake ara wa mutane ba."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro. Ban iya ƙarasa tankin ba ranar, na wanke cokalin gini na tafi gida.

Da safe na same ta a tsakar gida ta riga ta durƙusa, ta tone gefen ramin da yatsu a hankali. Ta ce in leƙa. Saiwoyi ne farare, sirara kamar zaren ɗinkinta, ba su fi tafin hannu biyu ba. Ni dai ban ga abin da zai riƙe rai a watan Agusta ba, na kuma faɗa mata.

"Ba kai za ta riƙe ba," ta ce, ta mayar da ƙasar ta danna. "Miƙo."

Ta karɓi zarton, ta yanke reshen daga inda ya shiga ƙasa ta ɓangaren uwar. Ja biyar ne ya rabu. Ta shafe bakin yankan da kakin zuma, ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa. Daga nan muka zaga ƙofar Tannus. Na ce ta bar min gindin, aikin ƙarfi ne. Ta ce wanda ya ci 'ya'yan shi zai yi yankan. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta sa zarto. Ta yi kusan rabin sa'a tana ja tana hutawa, gumi yana zuba a wannan sanyi, ba ta yarda na taɓa ba sai da ya rage ɓawo. Ta tagar sama Badi'a tana kallonmu, hawaye yana bin ɓarin fuskar da ke motsi da wanda ba ya motsi.

Mantura ta ɗaga kai ta ce, "Ke kuma kukan me? Ki tanadi bakin gaishe-gaishe, duk garin nan suna bin ki ziyara."

Ban taɓa yin aiki da sauri kamar gangarar nan ba. Kwana goma sha tara, da ni da leburori biyu, har da ƙarfen dafawa a gefe. Ranar Ista da safe aka turo Badi'a a kekenta, da baƙar rigarta ta coci da ɗan gyale, mutane suka tsaya a titi suna tafi kamar an kawo amarya. Ni na tura ta har gaban bagade, ba wanda ya sa ni. A hanya ta kama hannuna da hannunta mai lafiya ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Mu'allim, ka sha wahalar neman siminti." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Saura reshen. Rassan uwar da suka bushe a soro Mantura ta sauke su da kanta, ta ɗaure dami-dami, rumfar ƙarfen ta tsaya tsirara. Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga kai ya kawar. Fada Sarkis ya zo ya tambaye ta, cikin ladabi, tuluna nawa suka rage. Ta ce in ya daina cika kofin kamar mai shayar da raƙumi za su kai shekara uku, kuma kafin nan sabuwar ta fara. Ya ce in Allah ya so. Ta ce Allah ya riga ya so, shi dai ya rage hannu.

A tsakiyar Afrilu idanun suka kumbura suka fashe, ganye ya fito. Na shigo da murna ina cewa ta kama, ta kama. Ko kallona ba ta yi ba.

"Tohon farko ƙarya ne, Dib. Guzurin uwarta take ci. Bari ya ƙare mu gani."

Ya kuwa ƙare. A farkon Mayu aka yi wata iska mai zafi kwana uku, ganyen suka yi laushi suka rataye, kan reshen ya sunkuya. Na ce mu ninka ruwa. Ta hana. Ta ce in ka ba ta a baki ba za ta taɓa sa ƙafa ta nema ba. Tulu ɗaya duk kwana huɗu, shi ma nesa da gindin take zubawa, a wani rami da ta haƙa taku ɗaya daga wurin. Na ce wannan ai mugunta ce. Ta ce ita ma haka aka yaye ta, ga ta nan har ta ishi mutane. Kwana shida ina leƙe ta katanga da sassafe, kullum jiya i yau. A na bakwai na ga kan reshen ya miƙe, ya fitar da wani siririn hannu ya kama sandar da ta kafa masa.

Ƙarshen watan, wata Lahadi bayan coci, Badi'a ta ce a kai ta gidan Mantura ta gani da idonta. Na tura ta, Fada Sarkis ya biyo mu, da wasu mata biyu. Reshen ya wuce kaina a lokacin, ganyensa kore shar, faɗin tafin hannu. Badi'a ce ta fara hangowa, don ita a zaune take, daga ƙasa take kallo. Ta ɗaga hannu tana nuni. A ƙarƙashin wani ganye, ga huda guda ɗaya, ɗan curin fure bai fi ɗan yatsa ba, irin wanda ke zama nonon inabi.

Matan suka rangaɗa guɗa. Fada Sarkis ya ce wannan na farkon nasa ne, a kan bagade za a ajiye shi ranar Idin Gicciye.

Mantura ta matso, ta ɗaga ganyen, ta daɗe tana kallon hudar. Sannan ta sa farcen babban yatsa ta tsinke ta.

"Mantura!" Duk muka faɗa tare.

"In ta haihu bana, ƙarfin da za ta kai ƙasa shi za ta kai wa 'ya'ya. Ta yi muku nono ɗaya ku yi guɗa, shekara goma ta mutu." Ta sa ɗan furen a tafin Badi'a ta rufe mata yatsu a kai. "Na baɗi ma zan cire."

Na kasa haƙuri, na ce, "Ke fa shekararki saba'in da biyar, Mantura. Yaushe za ki sha?"

Ta ɗauki tulun ruwa ta nufi ramin da ke nesa da gindin.

"Wadda ta tafi tamanin ta yi," ta ce. "Wannan ma tamanin nake nema mata."